Wasiƙa zuwa ga matasan ikilisiya na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Ƴaƴana, samari da ƴan mata,

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce biyayya ga umarnin Allah daga safiyar Litinin zuwa daren Asabar, lokacin da ba fasto kusa, ba dattijo, sai ku da lamirinku da Mai gani.

Ku fara da sanin asalinku. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka kafa tasha a Tsibirin Gobir a 1927. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Daga baya makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye ta yaye masu bishara, suka bazu cikin ƙauyuka da fartanya a kafaɗa. Masu bi na farko ƴan kaɗan ne, wasu danginsu sun juya musu baya. Mutanen gari kuwa da hali suka auna su. Har gobe mu ƴan kaɗan ne, kuma ma'aunin bai canza ba. In ɗayanku ya ci amana, za a ce ɗan mishan ne ya ci, sunan kowa ya ɓaci tare da nasa.

Za ku ji masu cewa tunda ceto ta wurin alheri yake, doka ta wuce. Gaskiya ne, ba mai sayen ceto da aikinsa. Amma sura ta 2 ta Afisawa, wadda ta koya mana haka, ita ce kuma ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. A Yahaya sura ta 14, Yesu da kansa ya ɗaure ƙaunarsa da kiyaye umarnansa. Ku dubi gonakin Ɗan Saga. Tun wajen 1983 da Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, iyayenku suka ƙware a sassaben zamani: kututture ya tofo da rassa da yawa, manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran. Haka gawo da kalgo suka koma gonaki. Mai wuƙar nan ba gaba yake da itacen ba, so yake ya yi tsawo. Haka dokar Allah take ga wanda ya riga ya sami rai.

In kuna son ganin yadda dokar take sauka ƙasa, ku buɗe Littafin Firistoci sura ta 19. Kusan duk abin da ke cikin yinin mutumin karkara yana can.

Akwai maganar awo. Kai da kake tsugune gaban buhun aya ko hatsi a kasuwar Caduwa, ka san dabarun. Tiyar saye daban, mai faɗin ciki. Tiyar sayarwa daban, wadda aka buga wa gindi ya shige. In kana saye ka tula har yana zuba, ka tare da hannu; in kana sayarwa ka shafe da gefen tafi. Tsohuwar da ta kawo tiya biyar don ta sayi maganin jika ba ta iya gardama da kai, ta san an kware ta, ta yi shiru ta tafi. Allah ya ce ma'auni ɗaya. Ribarka za ta ragu, ba zan ɓoye maka ba, abokan sana'a kuma za su ce ba ka san kasuwa ba. Ka daure. Ke ma mai sayar da man gyaɗa ko ƙuli, kada ki gauraya sabo da tsoho ki rantse cewa na jiya ne.

Akwai maganar lada. Surar ta hana kuɗin ma'aikaci ya kwana a hannunka. Wanda ya yi maka barema tun hantsi har la'asar, da wuya in gidansa akwai abin dakawa. Da a ce akwai, da tasa gonar yake nomewa. Ka biya shi kafin rana ta faɗi. Bashi ma haka. Wanda ya ranta maka jaka goma ranar da ka matsu, kada ka riƙa canza hanya in ka hango shi. Ka je da ƙafarka ka faɗa masa ranar biya, ka cika. Ƙasa ta yi ƙaranci a yankinmu, gado yana ta tsattsagewa, amma kada ƙuncin ya sa ka ci iyakar maƙwabci da kuyya ɗaya, ko ka danne rabon ƴar uwarka don ta yi aure nesa.

Akwai maganar iyaye. Wasunku iyayensu ba masu bi ba ne. Umarnin girmama uwa da uba bai zo da sharaɗi ba. In ka tafi ci-rani Kano ko Agadas, ka tuna rumbun gida yakan yi ƙasa tun kafin sabon hatsi ya nuna. Wanda ya sayi sabuwar waya alhali uwarsa tana cin tafasa ba gari, waƙarsa a ƙungiyar mawaƙa ba ta rufe wannan ba.

Akwai maganar baki. Dā mai tsegumi sai ya taka daga gida zuwa gida. Yanzu yana zaune a fada, shayi yana tafasa, ya tura murya ɗaya ta WhatsApp ta kai Tasawa kafin a zuba na biyu. Kafin ku tura labarin ƴar wani, ku tambayi kanku ko da idonku kuka gani, kuma ko za ku iya faɗinsa a gabanta.

Mafi nauyi ita ce maganar ramuwa. A watan Nuwamba na 2000 an kai wa majami'u hari a Maraɗi. A Janairun 2015 an ƙona da yawa a Damagaram da Yamai. Shugabannin ikilisiya suka yi kira ga gafara, kuma akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu. Kada ku mance da ko ɗaya daga cikin biyun. Surar da ta hana riƙo da ɗaukar fansa ita ce ta ce a ƙaunaci baƙo. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo wa ƴan bindiga zuwa ƙasar Gidan Rumji. Kada ku tambayi addinin mai jin yunwa kafin ku miƙa masa ƙwarya, kada kuma ku tsawwala masa don kun ga ba shi da mafita.

Na san za ku yi tuntuɓe, domin ba wanda ya cika doka sai Almasihu. In kun faɗi, ku tuba da sauri, tuban kuma ya kai ga aiki. Zakka na Luka sura ta 19, da ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta riɓi huɗu. Saboda haka a makon nan kowa ya zauna ya karanta surar Firistoci da na ambata, ya nemi abu ɗaya da ya san yana kansa: bashi ne, ƙarya ce, ko gaisuwar iyaye da ya daɗe bai kai ba. Ya gyara shi kafin ya shiga sujada ran Lahadi.

Allah ya ba ku zuciyar biyayya, ya tsare ku a gona da kasuwa da hanya, ya sa ku gama lafiya.

Naku cikin Ubangiji,
Babanku, dattijo a ikilisiya