Nafaƙar 'Ya'ya Idan Uba Ya Rasa Aikinsa

Yau za mu duba wata mas'ala da ke yawan kai tsofaffin ma'aurata gaban alƙali. Mutum ya saki matarsa, 'ya'ya suna hannunta, alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa kowane wata, sa'an nan aikin da ya dogara da shi ya kuɓuce. Shin nafaƙar nan tana nan yadda take, ko ana rage ta?

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun san rashin aiki bai tsaya ga mai albashi kaɗai ba. Manomin shinkafa ko albasa da ruwan Rima ya cinye wa gona, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010, ya rasa aiki. Haka wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa da dabbobinsa.

Asalin hukunci a mazhabar Imamu Malik shi ne ciyar da ɗa yana kan uba, namiji har ya balaga yana mai iya nema, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Amma an gina wajabcin a kan wadata. Aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci mawadaci ya ciyar gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Don haka ne Ibnu Asim, a cikin Tuhfatul Hukkam wadda alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, ya bar ƙaddara nafaƙa ga ijtihadin alƙali, yana duban farashi da zamani da wuri. Abin da aka ƙaddara bisa hali kuwa, in halin ya sake sai a sake dubawa.

To, a nan ne da yawa daga cikin maza ke kuskure. Sai mutum ya yanke wa kansa hukunci, ya daina aikawa, ya daina ko leƙa yaran, wai ai kowa ya san an sallame shi. Wannan ba daidai ba ne. Wanda ya yanka shi ke ragewa. Hanyar ita ce uba ya koma kotun shari'ar da ta yi hukuncin tun da wuri, ya bayyana halinsa. Kuma faɗa da baki ba ta isa, gama wanda aka sani da wadata, in ya yi da'awar talauci, shi ake nema wa hujja: takardar sallama in akwai, da shaidu adilai waɗanda suka san cikinsa da wajensa. Alƙali zai tambayi abin da ya rage masa. Mai buhunan tafarnuwa a rumbu da shanu a wurin makiyayi bai zama matalauci don albashi ya tsaya ba. In ƙuncin ya tabbata, alƙali na iya rage adadin, ko ya mai da shi hatsi maimakon kuɗi, ko ya sa a riƙa bayarwa mako-mako. Wanda hukuncin bai gamsar da shi ba, uba ne ko uwa, yana da damar ɗaukaka ƙara.

Akwai bambanci tsakanin abin da ya wuce da abin da ke tafe. Watannin da alƙali ya riga ya hukunta, uba yana da hali ya ƙi biya, sun zama bashi a wuyansa, rasa aiki daga baya ba ya goge su. Amma abin da uwa ta kashe a lokacin da talaucinsa ya tabbata, malamanmu ba su ba ta damar binsa shi ba. Wannan hukunci yana da nauyi a kan mata, ba mu musanta ba, shi ya sa bai kamata a karɓi da'awar talauci da sauƙi ba. Har wa yau, talaucin uba ba ya zama dalilin ƙwace yara daga hannun uwa da sunan a rage ɗawainiya, domin riƙo haƙƙinta ne muddin sharuɗɗansa sun cika.

Ragin kuma ba na har abada ba ne. Ranar da uba ya sami wani aiki, ko damina ta yi kyau, uwa tana da ikon komawa ta nemi a ƙara, balle yadda farashin abinci ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Kafin wannan rana, in yaro yana da dukiyar kansa, kamar gadon da ya ci, daga ciki ake ciyar da shi. In ba shi da kome, ya shiga sahun matalauta masu haƙƙi a cikin zakka, sai dangi su kai maganarsa ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ko ga mawadatan gari lokacin fitar da zakkar amfanin gona.