Darasi: Ƙaramar Hukuma da Shirin Ambaliya

Manufar darasi: Mu gane cewa da rani ake shirin ambaliya, mu kuma san abin da ke wuyan ƙaramar hukumarmu da abin da ke wuyanmu.

Damina ta sāke hali

Dattawanmu suna tune da farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta mutuwa. A lokacin nan kukanmu na rashin ruwa ne. Yanzu ruwa ya dawo, amma bai dawo da halinsa na dā ba. Yakan ɗauke kwana da kwanaki a tsakiyar damina, sa'an nan ya sauko dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Masana sun duba hotunan gajimare daga 1982 zuwa 2016, suka tarar manyan hadura a ƙasashen bakin hamada sun ninka sau uku. Dalili kuwa shi ne duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin fetur da gas da kwal. Iska mai zafi takan ɗauki laima da yawa, in ta tashi zubarwa sai ta zubar gaba ɗaya. Wannan shi ake kira sauyin yanayi.

Misali daga kwarin Haɗeja

Bari mu duba Kogin Haɗeja a Jihar Jigawa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan ruwa ba ya yankewa a kogin ko da rani. Wannan ya yi wa kacalla daɗi, wato doguwar ciyawan nan ta cikin ruwa. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka. In babban ruwa ya zo bai sami hanya ba, sai ya bi gonaki da gidaje.

A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Gonakin shinkafa sun nutse a Auyo da Kafin Hausa da Ringim. A garin Haɗeja mutane suka yi ta ɗura yashi a buhuna suna ƙara tsawon jinga. Sun yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da aka yi cikin ruwa da tsoro ya fi sauƙi a watan Maris.

Aikin ƙaramar hukuma

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara, ya kuma ba ta hannu cikin raya aikin gona. Ga ayyuka huɗu da za ta iya yi.

1. Kai labari. Kowace shekara hukumar NiMet takan faɗi yadda damina za ta kasance. Hukumar NIHSA kuma takan ambaci sunayen ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Labarin ba shi da amfani in ya tsaya a ofis. Sai ya bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa, a yi shela ran kasuwa.

2. Buɗe hanyar ruwa. Da rani a yashe magudanai, a sare kacalla, a gyara jinga. Ƙauyuka sun saba aikin gayya. Abin da suke bukata shi ne buhuna, da shebur, da kwalekwale, da motar kawo yashi.

3. Tsare hanyar ruwa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a karkara. Kada ta ba da fili a cikin kwari. Ta ware tudu inda mutane da dabbobi za su fake.

4. Taimakon manomi. Malaman gona su kawo iri mai saurin nuna tun kafin shuka, su kuma shirya irin noman rani domin wanda ruwa ya ci gonarsa.

Batun kuɗi

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Amma hukunci a takarda ba ya yashe kwata. Lalle ne mu riƙa tambayar kansilanmu nawa aka ware domin magudanai, ina kuma aka kashe shi.

Abin da za mu yi

Mu daina zuba shara a kwata. Mu zaɓi mutum biyar, har da mata biyu, su zaga gari su rubuta inda ruwa yakan tsaya. Mu kai wa kansila takardar kafin watan Afrilu, mu riƙe kwafi ɗaya. Mu sa ranar gayya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta ina ruwa ya shigo garinmu a ambaliyar da ta wuce?
2. Wa ya kawo mana labarin damina bara? Yaushe ya iso?
3. In ruwa ya zo da dare, ina tsofaffi da yara za su nufa, wa kuma zai kai su?