Igiyar akuya da lamba mai ƙafa biyu

Da damina, a Cadakori da sauran garuruwan ƙasar Gidan Runji, ba a barin bisashe sake. Ana ɗaure su a turke, don kada su shiga gonakin mutane. In akuya ta yi ɓarna, mai ita ne ke biya. Saboda haka tsawon igiya abin lissafi ne.

Ga misali. Wani manomi ya kafa turke, ya ɗaure akuyarsa da igiya mai mita 5. Arewa da turken, nisan mita 4, akwai layin geron maƙwabcinsa, ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Mita nawa na layin akuya za ta ci?

Lamba mai ƙafa biyu

Don a nuna wuri a fili, ana bukatar lamba biyu: nisa wajen gabas da nisa wajen arewa. Masana lissafi suna haɗa su wuri guda. Mita 3 gabas da mita 4 arewa, sai su rubuta 3 + 4i. Harafin i na nufin "juya hagu". Ku tashi tsaye, ku dubi gabas. Ku juya hagu: kuna duban arewa. Ku ƙara juyawa: kuna duban yamma, wato kishiyar gabas. Shi ya sa i × i = −1.

Wani mutumin Italiya, Bombelli, ya rubuta ƙa'idodin irin waɗannan lambobi a 1572. Euler kuma ya yi amfani da harafin i a 1777.

Girman lamba

Girman 3 + 4i shi ne nisa daga turke zuwa wurin, kai tsaye. Ga yadda ake samunsa:
3 × 3 = 9
4 × 4 = 16
9 + 16 = 25
Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 25? Ita ce 5. Ke nan igiyar ta kai wurin daidai.

Neman abin da ba a sani ba

Yanzu mu ce ba mu san nisan gabas ba. Mu kira shi x. Muna son girman x + 4i ya zama 5:
x × x + 16 = 25
Mu ɗebe 16 daga kowane ɓangare:
x × x = 9
Amsa ita ce 3. Amma ba ita kaɗai ba ce, gama −3 × −3 ma 9 ne. Ma'anar −3 ita ce mita 3 wajen yamma. Akuya za ta ci mita 3 gabas, ta ci mita 3 yamma. Ɓarna ta zama mita 6. Wanda ya tsaya ga amsa ɗaya ya manta rabin geron maƙwabci.

Aikin kwamfuta

Akwai manhajar kwamfuta da ke lissafi da haruffa, ba da lambobi kaɗai ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Maxima, wadda ake samu kyauta. Ta samo asali daga Macsyma, da aka fara a Amurka a 1968. In aka rubuta mata wannan lissafi, nan da nan sai ta ba da amsa biyu: 3 da −3. Amma ba ta san akuya ba, ba ta san gero ba. Mutum ne ke tsara mata tambaya, shi ne kuma ke fassara amsa. In igiya ta kasa mita 4, akuya ba ta taɓa gero ko kaɗan.

Tambayoyi
1. Don me i × i yake ba da −1?
2. Nemi girman 6 + 8i.
3. Igiya mita 13 ce, layin gero na nisan mita 12. Mita nawa akuya za ta ci?
4. Ku fita filin makaranta da igiya da turke, ku auna, ku gani ko amsar mita 6 gaskiya ce.