Darasin Masana'antu: Yadda Ake Killace Man Ci Cikin Kakin Zuma

MINNA. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye jarkar man gyaɗa a Kasuwar Kure ta Minna cikin watan Maris, lokacin da zafi kan kai kusan digiri 40, ya san cewa mai ba ya jiran ciniki. Iska da haske da zafi kan taru su canza masa wari da ɗanɗano, su kuma rage ƙarfin bitamin A, wanda gwamnatin tarayya ta wajabta sanyawa cikin man girki tun shekarar 2002.

Ɗaya daga cikin dabarun da masana kimiyyar abinci suka fito da su domin magance wannan hasara ita ce killace man cikin ƙananan ƙwayoyin kaki, ta yadda zai koma gari. Ginshiƙin dabarar shi ne iskar kabon dayoksaid. Idan aka ɗumama ta sama da digiri 31, aka kuma matse ta da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar sarari sau 73, takan shiga wani hali na tsaka-tsaki: tana ratsa abu kamar iska, tana kuma narkar da shi kamar ruwa. Da ita ne Kurt Zosel na Cibiyar Max Planck ta Jamus ya cire sinadarin kafin daga kofi, kuma a shekarun 1990 Eckhard Weidner da Zeljko Knez suka tsara yadda za a yi gari da ita.

Aikin hawa uku ne. Da farko a narkar da kaki a gauraya shi da man cikin tukunyar ƙarfe mai jure matsi. Na biyu, a ɗura iskar har ta jiƙa haɗin, abin da kan sa ya tsinke ba tare da an ƙara wuta ba. Na uku, a fesa shi ta wani siririn baki. Da fitarsa sai iskar ta buɗe ta yi sanyi nan take, kakin ya daskare da man a cikinsa, ita kuwa ta tashi ba ta bar guba ba. Ana zuba irin wannan gari cikin fulawa da biskit da abincin yara, kuma yana ɓoye ƙarnin man kifi.

Zaɓen kaki na da muhimmanci ga ƙasa mai zafi. Kakin zuma ba ya narkewa sai a digiri 62 zuwa 64, na karnauba da ake samu a Barazil kuwa sai ya wuce 80. Man kaɗanya, wanda Jihar Neja ke kan gaba wajen samar da shi, yakan narke kusa da zafin jikin mutum, don haka ya fi dacewa a killace shi da a killace wani man da shi.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗanya na tsawon wata shida domin ƙarfafa sarrafawa a gida. Sai dai na'urorin matsi na da tsada, kuma suna buƙatar tsayayyar wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana horar da injiniyoyin sinadarai da masana abinci. Abin da ya rage ga masu zuba jari shi ne su auna tsadar na'ura da yawan man da ke lalacewa kowane rani.