Ciwon haƙorin ƙurya

Babban mutum yana da haƙora 32. Huɗu daga ciki ba su fitowa da wuri. Su ne turamen ƙarshe, can ƙuryar baki: biyu sama, biyu ƙasa. Galibi suna tsirowa tsakanin shekara 17 da 25. Faransawa suna ce musu haƙoran hankali.

Sa'ad da haƙorin ya taso, wuri ya riga ya cika. Sai ya huda dasashi, ya fito rabi, naman ya rufe sauran. Tsakin tuwo da gari suna shiga ƙarƙashin naman nan, su ruɓa. Wurin ya yi ja, ya kumbura, baki ya yi wari. Wannan shi ne ciwon. Ba tsutsa ba ce, ba kuma jifa ba ne.

Me za ka yi a gida?

Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda na ruwa mai ɗumi. Ka kurkure baki, ka bar ruwan ya daɗe wajen ciwon, ka tofar. Ka yi haka bayan kowane cin abinci, da kafin kwana. Kada ka bar asawaki don tsoron zafi. Mutane da yawa nan suke kuskure: sun daina wanke wurin, ƙazanta ta ƙaru. Ka goge shi sannu sannu. Kanumfari guda, in ka danne shi kusa da haƙorin, yana rage zafi. Ka sha kunu da fura kwana kaɗan, ka bar tauna mai tauri.

In zafi ya hana barci, ka sha farasetamol. Babba ya sha ƙwaya biyu ta miligiram 500, ya dakata awa shida kafin ya ƙara. Kada ya wuce sau uku a yini. Kada ka ɗora asfirin bisa dasashi, yana ƙone nama. Taba da ruwan batir sun fi shi ɓarna. Kada kuma wanzami ya tsaga wurin.

Amma in kunci ya kumbura, in masassara ta kama ka, in mugunya tana fita, ko baki ya ƙi buɗewa har yatsa biyu ba su shiga, maganin gida ya ƙare. Ka tafi gidan likita ranar nan. Wanda haɗiya ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi ko da dare ne, don kumburin yana iya toshe maƙogwaro. Likita zai ba da magani. In ciwon yana ta dawowa, zai aike ka asibiti a cire haƙorin.