Yadda Ake Wanke Kabon Daga Bawul A Injin Mota Na GDI

Darasinmu na yau ya shafi masu motocin zamani, musamman waɗanda ake shigo da su na hannu daga Amurka da Turai. Idan motarka tana karkarwa da safe, ƙarfinta ya ragu, kuma ka canja fulogi da kwayil amma shiru, karanta wannan kafin ka sake kashe ko sisi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu mai son injin da ke shan mai fiye da ƙima.

Mene ne GDI?

A yawancin motocin da muka saba da su a Katsina, irin su Corolla da Camry ta 2007 zuwa 2011, nozul yana fesa fetur ne a hanyar iska, a bayan bawul ɗin shiga. Duk lokacin da injin ya ja numfashi sai fetur ya bi ta kan bawul ya wanke shi.

A injin GDI kuwa, an mayar da nozul cikin silinda kai tsaye. Tsohon tsari yana fesa mai da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba, shi kuma wannan yana kaiwa bar 200, wasu sababbi har 350. Ribar ita ce ƙarin ƙarfi da rage shan mai. Kamfanin Mitsubishi ne ya fito da tsarin a motocin kasuwa na zamani a 1996, sannan Volkswagen ya biyo baya da FSI a 2000.

Ga wasu motocin da ke da shi: Hyundai Sonata da Kia Optima masu injin 2.4 daga 2011, Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, Lexus IS250, Peugeot 508 mai injin 1.6 THP, da duk wadda ka ga an rubuta mata TSI, TFSI, EcoBoost ko Skyactiv-G.

Daga ina kabon yake zuwa?

Tunda fetur ya daina bi ta kan bawul, iska kaɗai ke wucewa, kuma iskar ba tsarkakakkiya ba ce. Akwai wani ƙaramin bawul mai suna PCV da ke kwaso tururin baƙin mai daga cikin injin ya mayar da shi hanyar iska domin a ƙone shi. Wasu injunan kuma suna dawo da ɗan hayaƙin salansa ta hanyar EGR. Tururin nan yana sauka a kan bawul mai zafi, ya soye, ya daskare, kamar yadda kunkunniya ke taruwa a rufin madafi. Yau kaɗan gobe kaɗan, har hanyar iska ta ƙuntace.

Yanayin tuƙinmu yana ƙara wa abin gudu. Wanda zai tashi daga Kambarawa ya je kasuwa ko ofis ya kashe mota cikin minti goma, injinsa bai gama ɗaukar zafi ba. Ga barin mota a sulo da AC lokacin bazara, ga ƙurar hunturu, ga jinkirin juye baƙin mai. Sannan motar hannu ba ta iso maka sabuwa ba. Idan mitarta ta nuna mil 60,000, ka sani ta yi kusan kilomita 96,000 ke nan, kuma a wasu injuna kabon yana fara damu tun kafin nan.

Alamomin da za ka gani

1. Karkarwa a sulo, musamman tashin farko da safe.
2. Jinkiri ko shaƙewa idan ka taka totur.
3. Shan mai ya ƙaru.
4. Wutar cek injin ta kama.

Ka lura, lalataccen fulogi ko kwayil ko nozul ma suna kawo waɗannan alamomin. Don haka kar ka yarda a kwance maka injin da hasashe.

Yi bincike da wayarka

A wurinmu masu rubuta manhaja, ba a taɓa gyara sai an karanta saƙon kuskure. Haka ma mota. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket na OBD2 mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nemi ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, ka saukar da manhajar Torque ko Car Scanner a wayarka, ka haɗa su.

Lambar P0300 tana nufin silinda daban-daban suna fashin wuta. P0301 zuwa P0304 suna nuna silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. A ce ka ga P0302. Ɗauke kwayil ɗin silinda ta biyu ka musanya da na ta uku, ka goge lambar, ka sake tuƙi. Idan ta koma P0303, kwayil ne ya mutu, ka huta. Idan ta tsaya a inda take, yi haka da fulogi. In duk ba su ba ne, sai a duba bawul da ido.

Akwai siririyar kyamara mai fitila da ake jonawa a waya ta USB. Ana zira ta ta hanyar iska, ko bayan an cire manifol, sai ka ga bayan bawul ƙuru-ƙuru. Ɗauki hoto ka ajiye. Gani ya kori ji.

Abin da ba ya aiki

Maganin wanke nozul da ake zubawa a tanki yana da amfaninsa, amma ba zai taɓa wannan kabon ba. Dalili kuwa a fili yake: maganin yana tafiya ne tare da fetur, fetur kuma ba ya bi ta kan bawul. Haka nan take mota da gudu a hanyar Kano ba zai kankare wanda ya riga ya daskare ba.

Hanyoyi uku na wankewa

Ta farko: feshi. Akwai gwangwanayen da aka yi don wannan aiki, kamar CRC GDI IVD. Ana fesa shi kaɗan-kaɗan ta hanyar iska, bayan an wuce na'urar auna iska ta MAF zuwa ɓangaren injin, ba ta kanta ba, injin yana aiki da zafinsa. Bi umarnin gwangwanin daki-daki. Idan ka ɗura ruwa da yawa lokaci guda, silinda za ta cika, fistin ya kasa matsawa, sandarsa ta lanƙwashe. Wannan hanya ta ƙaramin datti ce da rigakafi.

Ta biyu: wankin hannu. A cire manifol, a jiƙa kabon da maganin wankewa, a kankare da buroshi da ɗan tsinke mai laushi, a tsotse dattin. Tana cin lokaci, amma ita ce mafi sauƙin samu a garejinmu.

Ta uku: feshin garin ɓawon wolnot, wani ɗan itace mai ɓawo mai tauri. Ana hura garin da kamfuresa, injin tsotsa yana janye shi tare da kabon. An zaɓe shi ne saboda ya fi kabon ƙarfi amma bai kai ƙarfe ba. Kar ka bari a yi maka da yashi, ko da an tankaɗe. Ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta goge bangon silinda.

Matakan aikin

Hanya ta biyu da ta uku tsarinsu ɗaya ne:

1. Bar injin ya huce, a cire kan batir na nagatif.
2. A ɗauki hoton wayoyi da tiyo-tiyo kafin a kwance manifol.
3. A juya injin da hannu har bawul ɗin silindar da za a wanke su rufe ruf. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci. Don tabbatarwa, a zuba ɗan magani a ramin. Idan ya tsaya bai zurare ba, a rufe suke.
4. A toshe sauran ramukan da tef ko tsumma mai tsabta.
5. A wanke, a tsotse, a hure da iska, a duba da kyamara.
6. A sake juya injin don silinda ta gaba.
7. A sa sabon gasket, a ɗaure notuna daidai awon da kamfani ya faɗa.
8. A goge lambobin kuskure. Idan an yi amfani da magani, a juye baƙin mai.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, kar a kwance bututun fetur mai matsi sai an sauke matsin, domin yana iya huda fata. Na biyu, ɓarɓashin kabon da ya faɗa cikin silinda zai fita ta salansa, ya iya lalata turbo ko abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, kuma kowa ya san kuɗinsa.

Idan ba ka taɓa kwance manifol ba, kai wa makanike. Amma ka tambaye shi: «Oga, yaya za ka tabbatar bawul a rufe suke kafin ka fara?» Amsarsa za ta nuna maka ko ya san aikin. Ka kuma nemi hoton kafin wanki da na bayan wanki.

Rigakafi

Yi amfani da baƙin mai na sintetik mai kaurin da littafin motarka ya ce, wanda ke da alamar API SP, ma'aunin da ya fito a 2020. Juye shi a kan lokaci. Duba filtar iska akai-akai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Canja PCV idan ya gaji. Wasu suna ƙara ɗan gwangwanin tarkon mai a kan tiyon PCV domin ya kama tururin kafin ya isa bawul. Yana ragewa, amma sai kana zubar da abin da ya tara.

Idan kuma yanzu kake shirin sayen mota, ka sani kamfanoni sun gano matsalar. Toyota tana da tsarin D-4S mai nozul biyu a kowace silinda, ɗaya a ciki ɗaya a hanyar iska, kamar a Lexus IS350 da Camry ta 2018 mai injin 2.5. Ford ma ta yi haka a EcoBoost 3.5 na F-150 daga 2017. Ire-iren waɗannan suna wanke bawul ɗinsu da kansu. Kafin ka biya dillali, nemi lambar injin ka bincika wane tsari ne, kuma ka tafi da na'urar OBD2 a aljihu.

Allah ya tsare mu a hanya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.