Yaron Da Ya Koya Wa Tsalle Ya Wuce Shi

 Maigidana ɗan wasan tsalle da sanda ne tun yana jami'a. Ya yi shekaru ba mai kamo shi a jiharmu, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Kwanan baya wani yaro da shi da kansa ya koya wa riƙon sanda ya haye tsayin da ya kafa. Tun ranar abinci sai tsakura, ya kwashe lambobinsa daga falo, yaron ya zo gaisuwa ya sa aka ce ba ya nan. Na ce masa ai wasa ne, ya yi kwana biyu bai kula ni ba. Yaya zan yi?
Uwar yara uku, daga Zariya

 Da ke zan fara, kada ki ji haushi. "Ai wasa ne" ɗin nan ita ta ƙara wa wutar fetur. Mutumin da ya kwashe ƙuruciyarsa yana sheƙowa a guje da sanda mai tsawon kusan mita 5, ya caka ta a ɗan rami, ya wuntsila ƙafa sama kai ƙasa, shi kike gaya wa wasa ne? Gwiwarsa ya bayar. Abin da ke cinsa ya fi kishi zurfi: tsoro yake ji kada a manta da shi. Ki ba shi haƙuri kan wannan kalmar tukuna.

In ya huce, ki ba shi labarin Sergey Bubka, ɗan ƙasar Yukiren. Na tabbata ya san sunan fiye da ni. Shi ne ɗan Adam na farko da ya haye mita 6, a birnin Paris, a 1985. Sau 35 yana karya tarihin duniya, sau da yawa da ƙarin santimita ɗaya tak. Gasar duniya kuwa sau shida a jere ya cinye, daga 1983 zuwa 1997. To amma kin san zinarensa nawa a Olamfik? Ɗaya, a Seoul, 1988. A 1984 Tarayyar Sobiyet, wadda yake wakilta a lokacin, ta ƙaurace wa gasar, bai je ba. A Barselona, 1992, duniya ta zuba ido, sau uku yana gwadawa bai haye komai ba. A 1996 ciwon diddige ya hana shi, a 2000 ko zagayen ƙarshe bai kai ba. Ya ajiye sanda a 2001.

Ga inda nake so maigidanki ya saurara da kyau. Mita 6.15 da Bubka ya haye a Donetsk a 1993 ta yi shekara 21 ba wanda ya taɓa ta. A 2014 wani Bafaranshe, Renaud Lavillenie, ya zo wannan birnin, a gasar da Bubka ya assasa, ya haye 6.16. Bubka na zaune yana kallo. Ya sauko ya rungume shi a gaban jama'a. Shi ma Bafaranshen tuni wani matashi ɗan Suwidin, Armand Duplantis, ya wuce shi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Na maigidanki ma ya fi daɗi, don ɗalibinsa ne. Hannunsa ne a cikin wannan tsallen.

Yanzu ga aikinki. Kada ki yi masa wa'azi, namiji mai fushi ba ya jin wa'azin matarsa. Ki goge lambobin nan ki mayar da su falo. Ki sa yara su tambaye shi yadda ya ci kowace. Ki aika wa yaron nan ya dawo, ya zo neman shawara, kada ya zo da labarin nasara. A kai gwiwar nan asibiti kuma, ciwo na ƙara wa mutum zafin rai. In kika ga ya kai wata guda ba ci ba barci, ki sa babban yayansa a maganar, a nemi likita.

Ku kuma masu karatu, kada ku ce wannan na 'yan wasa ne. Wace uwa ce ba ta ji wani abu ya tsaya mata a wuya ba ranar da aka yabi girkin surukarta? Wane tela ne bai yi shiru ba da ya ga layi a shagon yaronsa? Duk wanda ke da tsohon gwani a gida, ya zauna yau ya tambaye shi labarin zamaninsa, ya kuma saurara har ƙarshe.

Ke kuma 'yata, ki sake rubuto min bayan wata ɗaya, in ji ko an buɗe wa yaron nan ƙofa.